Igiyoyin nauyi: tarihin bincikensu da rawar da ɗaliban digirin dokta ke takawa

Igiyoyin nauyi, waɗanda ake kira ondes gravitationnelles da Faransanci, wata girgiza ce da ke ratsa sararin samaniya da saurin haske a duk lokacin da wasu abubuwa masu nauyin gaske suka kewaya juna da sauri ko suka yi karo. Albert Einstein ne ya hango su cikin lissafi a shekarar 1916, amma sai da aka yi shekaru 99 kafin wata na'ura ta kama su kai tsaye, ranar 14 ga watan Satumba 2015. Tun daga nan suka zama wani sabon reshe na ilimin taurari, wanda dubban masana ke aiki a kai a Amurka, Turai da Asiya. Kaso mai yawa na wannan aiki yana hannun ɗaliban digirin dokta, kuma hujjar farko da ta tabbatar da cewa igiyoyin suna nan ta fito ne daga binciken wani ɗalibi mai shekaru 23.

Mene ne igiyoyin nauyi?

A ƙarni na 17 Isaac Newton ya bayyana nauyi a matsayin ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna, wato ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, shi ne kuma ke riƙe da wata a kewayen duniya. Lissafinsa na aiki har gobe, sai dai yana ɗauka cewa wannan ja yana isa ko'ina nan take. A 1905 masanin lissafi ɗan Faransa Henri Poincaré ya yi nuni da cewa, muddin babu abin da ya fi haske sauri, to dole nauyi ma ya ɗauki lokaci kafin ya isa wani wuri.

A watan Nuwamba 1915 Einstein ya kammala ƙa'idarsa ta dangantaka ta gaba ɗaya. A cikinta, sarari da lokaci tamkar shimfiɗa ɗaya ce wadda duk abu mai nauyi ke lotsawa. Misalinsa kamar zane ne da mutane huɗu suka ja gefunansa, aka ɗora dutsen niƙa a tsakiya: duk ƙwallon da aka gangaro zai karkata zuwa wajen dutsen. Idan duwatsu biyu ne ke zagaya juna, lotsawar ba za ta tsaya wuri ɗaya ba, za ta riƙa bazuwa kamar yadda ruwan tabki ke yi in an jefa masa tsakuwa. Wannan bazuwar ita ce igiyar nauyi.

Idan ta ratsa wuri, takan miƙar da tazara ta wani ɓangare, ta matse ta ɓangaren da ya gitta shi, sannan ta juya. Matsalar ita ce ƙanƙantar abin. Ko da manyan taurari ne suka haddasa ta, kafin ta iso duniya canjin da take yi wa tsawon kilomita 4 bai kai girman ƙwayar furoton ɗaya ba, alhali furoton ɗin kansa ɗan ƙaramin yanki ne na ƙwayar zarra.

Shekaru 40 ana gardama

Einstein da kansa ya yi shakka. A 1936 shi da mataimakinsa Nathan Rosen sun aika wa mujallar Physical Review maƙalar da ke cewa igiyoyin ba su wanzu. Masanin da mujallar ta ba wa takardar ya duba ya gano kuskure a lissafin. Einstein ya fusata ya janye ta, amma da ya sake nazari sai ya gyara, maƙalar ta fito a wata mujalla a 1937 da sakamakon da ya saɓa wa na farko.

A wajen taro aka warware gardamar. A watan Janairu 1957 masaniyar fizik ƴar Faransa Cécile DeWitt-Morette da mijinta Bryce DeWitt suka shirya taro a Chapel Hill, jahar Karolina ta Arewa a Amurka. Felix Pirani ya nuna yadda igiyar ke motsa abubuwa biyu da ke kusa da juna. Richard Feynman ya ɗora da misali mai sauƙi: a zura ƴan zobba biyu a jikin sanda; in igiyar ta wuce zobban za su goga sandar, gugar ta haifar da zafi, kuma abin da ke haifar da zafi yana ɗauke da makamashi. Ke nan igiyar abu ce ta zahiri da za a iya aunawa.

Joseph Weber, wanda ya halarci taron, ya koma jami'ar Maryland ya ƙera gungumen alminiyam mai nauyin sama da tan ɗaya, da fatan igiyar za ta sa shi rawa. A 1969 ya sanar cewa ya kama su. Wasu cibiyoyi suka ƙera irin na'urarsa ba su ga kome ba, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1970 akasarin masana sun yi watsi da sakamakon. Darasin da fannin ya ɗauka shi ne kada a yi sanarwa sai an bi kowace ƙofar kuskure an rufe.

Ɗalibai biyu da suka buɗe hanya

A 1967 Jocelyn Bell, ɗalibar digirin dokta mai shekaru 24 a jami'ar Cambridge ta Ingila, tana duba dogayen takardun da na'urar sauraren sama ta rediyo ke zanawa, sai ta lura da wata ƴar alama da ke maimaituwa kowane sakan ɗaya da sulusi. Abin da ta gano shi ne fulsar, wato tauraruwar nutron mai juyawa. Irin wannan tauraruwa ragowar babbar tauraruwa ce da ta fashe: faɗinta kimanin kilomita 20 ne, amma ta fi rana nauyi. Tana juyawa tana watso siginar rediyo a kan lokaci, kamar agogon da ba ya saɓawa. Kyautar Nobel ta 1974 ta tafi ga malaminta Antony Hewish da Martin Ryle, ba a sa sunanta ba, lamarin da har yanzu ake tattaunawa a kai. A 2018 da aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta sadaukar da kuɗin gaba ɗaya ga tallafin karatun dokta na mata da sauran waɗanda ba su da yawa a fannin fizik.

Shekaru bakwai bayan binciken Bell, Russell Hulse, ɗalibin Joseph Taylor a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya tare a Arecibo, tsibirin Porto Riko, inda a lokacin ake da faifan sauraren sama mai faɗin mita 305. Aikin kundinsa shi ne neman sababbin fulsar da taimakon wata ƙaramar kwamfuta da shi ya rubuta mata manhaja. Ya gano guda 40. Ɗaya daga ciki, wadda ya gani ranar 2 ga Yuli 1974, tana juyawa sau 17 a sakan ɗaya, kuma ta ƙi ba shi lissafi ɗaya: duk lokacin da ya auna tazarar bugunta sai ya samu wani adadi dabam.

Da farko ya zargi kayan aikinsa. Na'urar Arecibo ba ta iya ganin tauraruwar sai na kimanin awa 2 a rana, don haka ya riƙa tara ma'auni kullum yana kwatantawa. Sai ya lura cewa canjin yana bin tsari ɗaya, amma kowace rana yana zuwa da wuri da minti 45. A watan Satumba ya gane dalili: tauraruwar tana kewaya wata abokiyarta da ba a gani. In tana tahowa wajenmu bugun yakan matso kusa da juna, in tana komawa ya yi nisa, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke canza amo idan ta wuce mutum. Zagaye ɗaya na ɗaukar awa 7 da minti 45. Zagaye uku sun zama awa 23 da minti 15, wato ga inda minti 45 ɗin ya fito.

Wannan shi ne abin da masu nazarin Einstein ke nema: taurarin nutron biyu dab da juna, ɗaya na ɗauke da agogo. In dai suna fitar da igiyoyin nauyi, dole su riƙa asarar makamashi, su matso kusa, zagayen ya ƙara gajarta. Taylor da abokan aikinsa suka ci gaba da aunawa, kuma a watan Disamba 1978, a wani taron masana da aka yi a Munik ta Jamus, ya bayyana cewa zagayen na gajarta kamar yadda lissafin ya ce. Raguwar ita ce kashi 76 cikin miliyan na sakan a shekara, tazarar taurarin kuma na raguwa da kimanin mita 3 da rabi. Abin ya yi kama da ƙanƙani, amma yana taruwa: cikin shekaru 30 bambancin ya kai kusan sakan 40, kuma ya dace da lissafin Einstein da kuskuren da bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Nan da shekaru kusan miliyan 300 taurarin za su haɗe.

Hulse ya karɓi digirinsa a 1975, kuma bayan shekaru biyu ya bar ilimin taurari ya koma wani reshen fizik a Princeton. A 1993 aka ba shi kyautar Nobel tare da malaminsa saboda aikin da ya yi yana ɗalibi.

Yadda ake kama igiyar

Na'urorin yau suna da siffar harafin L. Ana raba hasken lazer gida biyu, a tura kowane kashi cikin dogon bututun da aka zuƙe wa iska. A ƙarshen kowane bututu akwai madubi mai nauyin kilo 40 da aka rataye da zaren gilashi. Hasken na kai da komo kusan sau 300 kafin kasun biyu su sake haɗuwa. An daidaita su ta yadda za su kashe juna, ma'aunin ya ga duhu. Idan igiya ta miƙar da hannu ɗaya ta matse ɗayan, daidaiton ya ɓaci, ɗan haske ya ɓullo.

Rainer Weiss na jami'ar MIT ne ya yi cikakken lissafin irin wannan na'ura a 1972. Amurka ta gina guda biyu da sunan LIGO, ɗaya a Hanford, jahar Washinton, ɗaya a Livingston, jahar Luwiziyana, kowace da hannuwa masu kilomita 4, tsakaninsu kilomita dubu 3. Faransa da Italiya, ta hannun cibiyoyinsu CNRS da INFN, sun gina Virgo mai kilomita 3 a Cascina kusa da Pisa, bisa jagorancin Alain Brillet da Adalberto Giazotto. Japan na da KAGRA a ƙarƙashin dutse a Kamioka. A wani ɗakin bincike na yankin Lyon aka yi wa madubban LIGO da na Virgo shafen da ke sa su mayar da haske.

Babban abokin gaba shi ne hayaniya. Motar kaya, saran itace, igiyar teku, girgizar ƙasa a wata nahiya, duk suna motsa madubin fiye da igiyar nauyi. A 2017 an taɓa bin sawun wata baƙuwar alama a Hanford, aka tarar hankaki ne ke saran ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyaya na'ura. Shi ya sa ake buƙatar na'urori biyu ko fiye masu nisa da juna: alamar gaskiya za ta bayyana a dukansu kusan lokaci guda.

Ranaku biyu na tarihi

LIGO ta yi aiki daga 2002 zuwa 2010 ba ta ga kome ba. Aka rufe ta shekaru biyar ana inganta ta. Ranar 14 ga Satumba 2015, da ƙarfe 10 da minti 50 na safe agogon Nijar, alama ta shiga Livingston, bayan kashi 7 cikin dubu na sakan ta isa Hanford. Ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Nazari ya nuna baƙaƙen ramuka biyu ne suka haɗe, wato ragowar taurarin da nauyinsu ya kai ko haske ba ya kuɓuce musu. Ɗaya ya ninka rana sau 36, ɗayan sau 29, suka zama ɗaya mai ninki 62. Nauyin rana uku da ya ɓace ya koma igiyoyi, waɗanda suka yi tafiyar kimanin shekaru miliyar 1 da miliyan 300 kafin su iso. An yi wata biyar ana tantancewa kafin sanarwar 11 ga Fabrairu 2016. Kyautar Nobel ta 2017 ta tafi ga Weiss, Barry Barish da Kip Thorne.

Rana ta biyu ita ce 17 ga Agusta 2017, kwanaki kaɗan bayan Virgo ta shiga sahu. Wannan karon taurarin nutron biyu ne, irin na Hulse, suka haɗe a gungun taurari na NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekaru miliyan 130. Alamar ta ɗauki kusan sakan 100. Ƙasa da sakan 2 bayanta, taurarin ɗan adam na Fermi da INTEGRAL suka ga walƙiyar hasken gama. Haɗa bayanan na'urori uku ya taƙaita yankin saman da za a duba, kuma bayan awa 11 wata na'urar hangen nesa a ƙasar Chili ta ga hasken fashewar. Cibiyoyi kusan 70 suka juya gare ta, har da SALT ta Afirka ta Kudu da H.E.S.S. ta Namibiya.

Abin ya tabbatar da cewa igiyoyin na tafiya da saurin haske. Launin hasken fashewar kuma ya nuna cewa a irin wannan karo ake ƙera ma'adinai masu nauyi. Masana na ganin aƙalla wani kaso na zinariya, filatinam da yuraniyom da ke cikin ƙasa daga irin wannan haɗuwa ya fito tun kafin a yi duniya, ciki har da yuraniyom ɗin Arlit da zinariyar Jado.

Abin da ɗalibin dokta ke yi a yau

A Faransa digirin kan ɗauki shekaru 3 bayan masta, a Amurka 5 zuwa 6. Cibiyoyin Faransa da ke karɓar ɗalibai a fannin sun haɗa da APC a Paris, LAPP a Annecy, Artemis a Nice da IJCLab a Orsay. Kundin yakan faɗa cikin ɗayan rassa huɗu.

Na farko shi ne na'urar kanta: lazer, madubi, rataya da farautar hayaniya. Muhimmancinsa ya fito a 2017, lokacin da wata ƙara ta na'ura ta faɗo kan bayanan Livingston kimanin sakan ɗaya kafin taurarin su haɗe, aka cire ta kafin a iya gano inda alamar ta fito. Na biyu shi ne lissafin siffar igiyar, domin ba a gane alama cikin hayaniya sai an san kamanninta tun farko. Alessandra Buonanno da Thibault Damour sun fito da wata hanyar lissafi a 1999, kuma a 2005 Frans Pretorius, haifaffen Afirka ta Kudu, ya zama na farko da ya kwaikwayi haɗuwar baƙaƙen ramuka a kwamfuta har ƙarshe. Na uku shi ne tace bayanai, inda ake gwada dubban ɗaruruwan siffofi a kan abin da na'ura ta naɗa. Na huɗu shi ne fassara: daga ina ramukan suka fito, nawa ne, kuma me suke faɗa game da faɗaɗar sararin samaniya.

Bayanai na ƙaruwa da sauri. Zuwa watan Maris 2020 an tabbatar da alamu 90. A zangon da aka fara a watan Mayu 2023 kaɗai an samu sama da 200.

Dalilin da ya sa jawabin taro ke da nauyi

Maƙalar da ta sanar da alamar 2015 na ɗauke da sunayen mutane fiye da dubu, an jera su bisa haruffa. Wanda ya karanta ba zai san wane ne ya yi wane aiki ba. Saboda haka a wajen taro ne ɗalibi ke nuna abin da hannunsa ya yi, galibi cikin minti 12 zuwa 15, ko a gaban allon da ya liƙa sakamakonsa. Masu ɗaukar ma'aikata bayan digiri suna cikin masu sauraro, kuma tambayoyinsu kan zama jarrabawar farko kafin ranar kare kundi.

Manyan tarurrukan sun haɗa da na Amaldi da ake yi duk shekara biyu, babban taron ƙa'idar Einstein na duk shekara uku, da Rencontres de Moriond a La Thuile ta Italiya. Ɗan ƙungiyar LIGO, Virgo ko KAGRA ba ya gabatar da jawabi a waje sai abokan aiki sun duba shi, kuma ba ya faɗin sakamakon da ba a sanar ba tukuna. Tsaurin ya kai har ana yi wa ƙungiyar gwaji a ɓoye. A watan Satumba 2010 an ga wata alama mai ƙarfi, aka yi wata shida ana nazari har aka rubuta maƙala. A taron watan Maris 2011 a Kaliforniya shugabanni suka bayyana cewa da gangan aka saka ta don a gwada shirin masu binciken.

Abin da ke tafe

A watan Yuni 2023 ƙungiyoyin da ke bibiyar fulsar, ciki har da masu amfani da na'urar Nançay ta Faransa, sun ba da rahoton alamun wasu igiyoyi masu tsawon gaske da ake zaton manyan baƙaƙen ramukan tsakiyar gungun taurari ne ke fitarwa. Indiya ta amince da gina tata LIGO a 2023. A watan Janairu 2024 hukumar sararin samaniya ta Turai ta amince da shirin LISA: kumbo uku masu tazarar kilomita miliyan 2 da rabi tsakaninsu, da za a harba wajen 2035. Waɗanda za su tace bayanansa suna makarantun sakandare da jami'o'i a yanzu.

Babu irin waɗannan na'urori a Afirka, amma bayanan da suke tarawa a buɗe suke. Cibiyar GWOSC na sakin su kyauta a intanet tare da darussa, kuma tana shirya horo kowace shekara wanda ake iya bi daga nesa. Maƙaloli na fitowa kyauta a shafin arXiv. Ɗalibin fizik ko lissafi na jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko na Maradi da Damagaram, wanda ya iya manhajar Python kuma yana karanta Ingilishi, zai iya sauke bayanan 14 ga Satumba 2015 ya fito da alamar a kwamfutarsa. Masu neman ci gaba kan bi ta cibiyoyin AIMS da ke Senegal, Gana, Kamaru, Ruwanda da Afirka ta Kudu, ko ta cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa, kafin su nemi gurbin digirin dokta a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin binciken.